Rupi 500 da ran uwa: sake duban fim ɗin "Mother India"

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai a zamanin da gidajen sinima marasa rufi ke cika da dare, ya san matsayin da finafinan Indiya suka riƙe a zukatan jama'a. Mai kallo ba ya jin harshen Hindi, ba a kuma fassara masa da Hausa ba, amma yakan fito yana rera waƙar da ya ji, gobe kuma ya ba da labarin tun daga farko har ƙarshe ga wanda bai samu kuɗin shiga ba. Cikin waɗannan finafinai, kaɗan ne suka kai "Mother India" daɗewa a bakin mutane. Brian Larkin, masanin da ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya ba da labarin cewa fim ɗin yana ci gaba da tara jama'a a gidajen sinima na arewacin Nijeriya kusan shekara 40 bayan fitowarsa.

In aka tambayi wanda ya kalle shi abin da ya rage masa a ƙwaƙwalwa, galibi abu biyu zai ambata: daɗin waƙoƙi, da uwar da ta harbe ɗanta da bindiga. Da wuya ya tuna da rupi 500, wato bashin da duk musibar labarin ta tsiro daga gare shi. Wannan sharhi zai nuna cewa bashin nan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, cewa waƙoƙin an gina su ne domin su ɗauki nauyinsa, kuma cewa masu koyi da fim ɗin, a Indiya da ƙasar Hausa, sun ɗauki ƙawarsa sun bar tambayar da ya yi.

Asalin fim ɗin

"Mother India" ya fito a watan Oktoba na shekara ta 1957, shekara goma bayan samun mulkin kai na Indiya. Mehboob Khan ne ya ba da umarninsa, kuma sabuntawa ne na wani fim nasa mai suna "Aurat", wato "mace", wanda ya fitar a 1940. Sunan da ya zaɓa a karo na biyu yana da tarihi. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi da wannan suna, inda ta zana al'ummar Indiya a matsayin wadda ta lalace, musamman wajen aurar da ƙananan yara da wulaƙanta mata, ta kuma ɗauki wannan hujja cewa ƙasar ba ta isa mulkin kanta ba. Littafin ya fusata Indiyawa ƙwarai. Da Mehboob ya ɗora sunan a kan labarin wata manomiya mai kare mutuncinta, martani ne ya mayar bayan shekara 30.

Nargis ce ta fito a matsayin Radha, uwar labarin. Raaj Kumar ya fito mijinta Shamu, Rajendra Kumar da Sunil Dutt suka fito ƴaƴanta Ramu da Birju, Kanhaiyalal kuma ya fito Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa. Abin lura shi ne Nargis da Sunil Dutt, uwa da ɗa a cikin fim, duk an haife su ne a 1929. Lokacin ɗaukar wurin gobara wuta ta ƙwace, ta kewaye Nargis, Sunil Dutt ya fiddo ta ya ƙone, suka yi aure a 1958. A shekarar ne fim ɗin ya zama na farko daga Indiya da ya shiga jerin ƴan takarar kyautar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, inda fim ɗin Fellini na Italiya ya yi nasara, Nargis kuma ta samu kyautar gwanar ƴan wasa mata a bikin Karlovy Vary.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Mai ba da umarni, da babbar ƴar wasa, da mai tsara kiɗa Naushad, da mai rubuta waƙoƙi Shakeel Badayuni, dukansu Musulmi ne. Shekara goma bayan rabuwar Indiya da Pakistan da jinin da aka zubar a lokacin, su ne suka ba ƙasar hoton uwa ƴar addinin Hindu wadda har yau ake kwatanta Indiya da ita.

Labarin a taƙaice

Fim ɗin ya buɗe da Radha tana tsohuwa, mutanen ƙauye suna roƙon ta buɗe sabuwar hanyar ruwan ban-ruwa, domin sun ɗauke ta uwar gari. Daga nan sai tunaninta ya koma ranar aurenta. Surukarta ta ci bashin rupi 500 wajen Sukhilala domin hidimar biki, ta jinginar da gona. Da gardama ta tashi a kan sharaɗin bashin, dattawan gari suka ba Sukhilala gaskiya, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne a matsayin ruwan kuɗi. Domin su tsira, Shamu da Radha suka kama share wani fili mai duwatsu, sai dutse ya murƙushe hannuwan Shamu biyu. Kunyar zama nauyi ga matarsa ta sa ya bar gida, ba a sake ganinsa ba.

Radha ta rasa suruka, ta rasa ƴaƴa biyu, ambaliya ta cinye gidaje da amfanin gona. Sukhilala ya yi mata tayin abinci a kan ta ba da kanta, ta ƙi. Da mutanen gari suka yi niyyar ƙaura, ita ta tsayar da su. Ramu ya tashi mai ladabi da haƙuri, Birju ya tashi da zafin zuciya, burinsa ya karɓo awarwaron uwarsa da ke hannun Sukhilala. Daga baya aka kore shi daga gari, ya zama ɗan fashi, ya dawo ranar auren Rupa ƴar Sukhilala, ya kashe uban, ya ɗauke ƴar a kan doki. Radha, wadda ta yi alkawarin cewa ba za a taɓa mutuncin yarinyar ba, ta harbe shi, ya cika a hannunta. Fim ɗin ya koma inda ya fara: ta buɗe hanyar ruwa, ruwan ya kwarara ja kamar jini.

Littafin bashi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bashin wannan fim ba na caca ba ne ko na almubazzaranci irin na ƴan birni. An ci shi ne domin a fita kunyar biki, abin da kowane magidanci ya san nauyinsa. Hikimar Mehboob ita ce ya sa ranar farin ciki mafi girma a rayuwar Radha ta zama ranar da aka ɗaure ta, ba tare da saninta ba. Ta shiga ɗakin miji da ganga da furanni, alhali gonar da za ta ci daga gare ta ta riga ta fita hannu.

Lissafin kansa ya cancanci a tsaya a kai. Kashi uku cikin huɗu da Sukhilala ke kwashewa kowace kaka ruwa ne kawai, uwar kuɗin tana nan daram. Abin da ya rage wa iyalin bai wuce na sawa a baki ba, saboda haka babu rarar da za a tara a biya rupi 500. In shekara ta yi kyau, Sukhilala ne ya ƙaru. In ta ɓaci, sai a koma wurinsa a ƙara cin wani bashin, a jinginar da shanun noma, da tukwanen tagulla, da kayan adon mace. Yaron da aka haifa bayan an ci bashin ya girma har ya yi gemu yana biyan kuɗin bikin da bai gani ba.  Makamin Sukhilala littafi ne da alƙalami, a garin da kusan babu mai iya karatu.

A nan ne fim ɗin ya fi yin magana da malaman makaranta. Dattawan da suka yi shari'a sun ba takarda gaskiya a kan bakin tsohuwa, domin takarda ba ta mantuwa, su kuwa ba su da ikon tantance abin da ke cikinta. Birju ya gane tun yana yaro cewa ana cutar su, amma ya guji makaranta, sai ya girma da fushi ba tare da hujja ba. Ranar da ya nemi a nuna masa lissafi, littafin da aka buɗe a gabansa bai amfane shi da komai ba, sai da Chandra, ƴar malamin makarantar garin, ta warware masa yadda ruwan kuɗi ke cinye hatsi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma da ilimin ya iso masa, ya iso a makare, lokacin da zuciyarsa ta riga ta zaɓi hanyar ƙarfi. Manomin da ya taɓa karɓar tiya ɗaya da damina a kan zai mayar da biyu da kaka, ko ya jinginar da gonar gado ya dawo yana ƙwadago a cikinta, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan sashe.

Kiɗa da waƙa

Naushad mutumin Lakno ne, kuma kafin wannan fim ya riga ya yi suna da "Baiju Bawra" na 1952, inda ya gina waƙoƙin fim a kan tsarin kiɗan gargajiya na arewacin Indiya da ake kira raga. A "Mother India" ya haɗa wannan ilimi da karin waƙoƙin ƙauye, na biki da na aikin gona, ya kuma ƙara musu taron makaɗa da ƴan amshi masu yawa. Waƙoƙi 12 ne a cikin fim ɗin, wanda tsawonsa ya kusa awa uku. Kamar yadda al'adar finafinan Bombai take, ƴan wasa motsa baki kawai suke yi, muryoyin na wasu ne: Lata Mangeshkar, Shamshad Begum, Muhammad Rafi, Manna Dey da Asha Bhosle.

Masu sukar finafinan Indiya sun saba cewa waƙa tana katse labari. A nan zargin bai tsaya ba, domin waƙoƙin ne ke tafiyar da lokaci. Labarin ya ratsa shekaru masu yawa, kuma a cikin waƙar aiki ne mai kallo ke ganin shuka ta koma girbi, yara sun koma samari suna riƙe da garmar da uwarsu ta ja. Abin da marubucin littafi zai ɓata babi guda a kai, Naushad da mai ɗaukar hoto Faredoon Irani sun gama shi a cikin minti kaɗan. Wanda ya san yadda kiɗan gayya ke ɗaga hauya, ko yadda waƙar daka ke bin faɗuwar taɓarya, zai gane cewa kiɗan nan daga motsin jikin mai aiki aka ɗauko shi.

Rabon muryoyin ma yana da ma'ana. Shamshad Begum, mai murya kakkaura mai fita ta hanci, ita aka ba waƙar kai amarya da ta bikin Holi, wato waƙoƙin taro, inda gari ke magana da baki ɗaya. Lata Mangeshkar, mai siririyar murya, ita ce muryar Radha a lokacin kaɗaici: sa'ad da take yawon neman mijin da ya ɓace, sa'ad da take roƙon masu ƙaura kada su bar ƙasarsu, da sa'ad da take kiran ɗanta Birju ya dawo. Waƙar da ta fi shahara ita ce wadda Radha ke jan garma da kafaɗarta a madadin sa, ƴaƴanta na taya ta, Lata kuma na rerawa tare da ƙannenta Meena da Usha. Hoton Nargis ɗauke da garma, wanda aka yi tallar fim ɗin da shi, daga wannan yanayi ya samo ƙarfinsa.

Sai dai a wannan wuri ne ya kamata mai sharhi ya yi hattara. Fuskar Nargis cike take da laka da gumi, muryar da ke fita daga bakinta kuwa tsaf take, babu haki, babu gajiya. Kiɗan yana mayar da yunwa abin sha'awa, har mai kallo ya ji daɗin kukan da yake yi. Saƙon waƙar garma kuma na haƙuri ne da karɓar abin da rayuwa ta kawo. Ba a ba Radha waƙa ko ɗaya da take tuhumar lissafin Sukhilala ba. Tuhumar tana bakin Birju, ana yin ta da tsawa da sanda. Ta haka kiɗan ya riga ya yanke hukunci tsakanin uwa da ɗa tun kafin a ɗauki bindiga, domin wanda aka ba mafi daɗin waƙa shi zuciyar mai kallo ke bi.

Harbin Birju

Karin magana na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Radha ta yanke nata. An daɗe ana yabon wannan mataki a matsayin ƙololuwar sadaukarwa, kuma akwai gaskiya a yabon. Rupa ba ta ci bashin kowa ba, laifin ubanta bai halatta a keta mata haddi ba. Radha, wadda ta taɓa tsayawa gaban Sukhilala cikin yunwa ta ƙi sayar da kanta, ba za ta yarda a yi wa ƴarsa abin da ya so yi mata ba. Ta ɗauki mutuncin ƴar maƙiyinta daidai da nata, kuma wannan adalci ne da ba kowa ke iya shi ba.

Amma akwai tambayar da fim ɗin ya kauce mata. Shekarun haƙurin Radha da biyayyar Ramu ba su rage ko rupi ɗaya daga bashin ba. Mahaƙurci mawadaci ne a karin magana, a wannan ƙauye kuwa haƙuri Sukhilala ya wadata. Abin da ya kawar da shi hannun Birju ne. Gari ya ci moriyar laifin, ya kuma la'anci mai laifin, aka bar wa uwa aikin kashe shi. Babu alƙali, babu hukuma, babu namiji ɗaya cikin dattawan da suka yi shari'ar farko da ya ɗauki wani kaso na wannan nauyi. Gwamnati ba ta bayyana ba sai a farkon fim da ƙarshensa, da taraktoci da hanyar ruwa, daidai da manufar Nehru ta gina madatsun ruwa da shirye-shiryen raya ƙasa na shekara biyar-biyar. Ruwan ban-ruwa yana ƙara yawan hatsi, amma ba ya faɗin wanda zai kwashe kashi uku cikin huɗu.

Duk da haka Mehboob ya fi saƙon da aka ɗora masa gaskiya. Da ya so farfaganda tsantsa, da ya rufe da ruwa garau da murmushi. Sai ya rina ruwan ja, ya bar tsohuwar tana tsaye babu fara'a, ya sa awarwaron da Birju ya ƙwato mata su kasance tare da shi a lokacin da yake cikawa. Ci gaban da ake biki a kansa an biya shi da jinin ɗa, uwar kuma ta san haka ko da gari ya manta. Wannan saɓani tsakanin abin da fim ɗin ke wa'azi da abin da yake nunawa shi ya hana shi tsufa.

Abin da ya bari

A Indiya, tsarin uwa ɗaya da ƴaƴa biyu, ɗaya mai bin doka ɗaya mai karya ta, ya zama gado. "Gunga Jumna" na 1961, wanda Dilip Kumar ya fito a ciki Naushad kuma ya yi wa kiɗa, ya maimaita rikicin ƴan'uwa biyu a ƙauye. "Deewaar" na 1975 ya kai shi birnin Bombai, Amitabh Bachchan ya gaji fushin Birju, Shashi Kapoor ya zama ɗan sandan da ya harbe shi, uwa tana tsakani. A "Vaastav" na 1999, Sanjay Dutt, ɗan Nargis da Sunil Dutt na cikinsu, ya fito ɗan daba wanda uwarsa ta harbe a ƙarshe. A kowane mataki fushin ɗa yana ƙara samun fili, gona da manomi suna ja da baya.

A ƙasar Hausa, finafinan Indiya sun shigo tun shekarun 1950 ta hannun Kwarori masu gidajen sinima, tasirinsu kuma ya bi hanyoyi da dama. Mawaƙan bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka zuba musu yabon Annabi (SAW). Marubuta littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 sun sami abin koyi a rikicin so da auren tilas. Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga "Turmin Danya" na 1990, sun rungumi rawa da waƙa har suka zama abin gardama tsakanin masu shirya su da malamai da hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai yawa a kan wannan aro. Kaset-kaset ɗin sun ƙetaro iyaka zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram kamar yadda atamfa da goro ke ƙetarowa.

Abin da aka aro mafi yawa shi ne saurayi da budurwa suna waƙa cikin lambu. Abin da aka bari shi ne waƙar da ke bin aiki, da jarumar da ta tsufa a gona, da mugun da makaminsa littafin lissafi ne. Ga al'ummar da mafi yawanta manoma ne, wadda ta ga fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984, da ƙarancin cimaka na 2005 da ya fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, wannan giɓi abin mamaki ne. Labarin macen da miji ya tafi cin rani bai dawo ba, ta riƙe gida da gona da bashi, yana nan a kowane ƙauye, bai kuwa samu masu ba da shi yadda ya kamata ba.

Kammalawa

Waɗanda suka yi fim ɗin sun shuɗe: Mehboob Khan a 1964, Nargis a 1981, Sunil Dutt a 2005, Naushad a 2006, Lata Mangeshkar a 2022. Fim ɗin yana da aibu: ya yi tsawo, wuraren barkwancinsa sun yi yawa, ya kuma ɗora wa mace guda nauyin da ya kamata gari duka ya raba. Amma ya cancanci a sake nuna shi a makarantu da gidajen raya al'adu, a kuma tattauna shi bayan kallo. Malamin lissafi zai iya sa ɗalibai su auna shekara nawa iyalin Radha za su yi kafin su biya rupi 500 bisa sharaɗin Sukhilala. Malamin adabi zai iya tambayar su dalilin da ya sa aka ba uwa waƙa aka ba ɗa tsawa. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuma za su iya tambayar kansu wane ne Sukhilalan garinsu, da wane littafi yake aiki, kuma mutum nawa ne a garin za su iya karanta shi.